John Newton: Mai Fataucin Bayi Da Ubangiji Ya Yi Wa Jinƙai

'Yan'uwa cikin Ubangiji, a wannan mako za mu duba rayuwar wani bawan Allah, mutumin Ingila, mai suna John Newton. Da yawa cikinmu sun san waƙarsa mai suna Amazing Grace, wadda ake rerawa a majami'u ko'ina a duniya. Amma ba kowa ya san cewa wanda ya rubuta ta ya yi shekaru yana sayen 'yan Afirka yana sayarwa kamar awaki ba.

An haifi Newton a birnin Landan a shekara ta 1725. Mahaifinsa shugaban jirgin ruwa ne, mahaifiyarsa kuwa mace ce mai tsoron Allah. Tun yana ƙarami ta koya masa karatu da ayoyin Littafi Mai Tsarki, da fatan zai zama mai hidimar Ubangiji. Ta rasu da ciwon tarin fuka a 1732, bai cika shekara 7 ba. Da ya kai shekara 11 ya fara bin mahaifinsa tafiye-tafiye a teku, kuma a can ya watsar da abin da uwarsa ta koya masa. Ya zama mai taurin kai, mai ashar, mai yi wa sunan Yesu ba'a, har yana jan waɗansu samari su bar bangaskiyarsu.

A 1744 aka kama shi ƙarfi da yaji aka sa shi cikin sojan ruwa na Ingila. Ya gudu, aka kamo shi, aka yi masa bulala a gaban 'yan jirgi duka, aka rage masa muƙami. Daga baya aka mayar da shi wani jirgin fataucin bayi mai zuwa Afirka ta Yamma. Ya sauka a wani tsibiri kusa da gaɓar Saliyo, ya shiga barantaka wurin wani Bature dillalin bayi. A nan zazzaɓi ya kwantar da shi, matar maigidan ta wulaƙanta shi, ta hana shi abinci. Bayin da ke ɗaure ne suka riƙa ɓoye ɗan abin da aka ba su suna miƙa masa. Duk da haka zuciyarsa ba ta yi taushi ba.

Mahaifinsa ya roƙi a nemo shi, wani jirgi mai suna Greyhound ya ɗauko shi. A watan Maris na 1748, suna kan hanyar komawa gida, hadiri mai tsanani ya taso musu cikin dare. Wani ma'aikacin jirgi da ya riga Newton hawa sama, ruwa ya tafi da shi nan take. Newton ya yi sa'o'i yana kwarfar ruwa, kuma cikin wannan tsoro ne ya ji bakinsa, wanda ya saba da saɓo, yana roƙon jinƙan Ubangiji. Abin ya ba shi mamaki, ya fara tambayar kansa ko akwai sauran jinƙai ga irinsa. Ya ɗauki Sabon Alkawari, ya ga kansa cikin misalin ɗan nan da ya ɓace na Luka sura 15. Bayan kusan mako 4, abinci ya kusa ƙarewa, jirgin ya isa gaɓar ƙasar Ailan. Har ƙarshen ransa, kowace shekara yakan keɓe ranar 21 ga Maris domin addu'a da godiya.

A nan ne masu ba da labarinsa sukan yi gaggawa, mu kuwa ya kamata mu dakata. Newton ya daina ashar, ya fara addu'a, amma bai daina cinikin bayi ba. Ya auri Mary Catlett a 1750, sa'an nan ya zama shugaban jirgin bayi, ya yi tafiya 3 zuwa Afirka. Ran Lahadi yakan tara ma'aikatansa su yi sujada a saman jirgi, alhali a ƙarƙashin ƙafafunsu akwai maza da mata da yara cikin sarƙa. Doka ta yarda da cinikin, manyan gari suna cin ribarsa, don haka lamirinsa bai dame shi ba. Rashin lafiya ce ta raba shi da teku a 1754. Shi da kansa ya shaida daga baya cewa a waɗannan shekaru bai zama mai bi na ƙwarai ba tukuna.

Ya sami aikin kwastan a tashar jiragen ruwa ta Liverpool, yana koyon Helenanci da Ibrananci a gida, yana kuma sauraron wa'azin su George Whitefield da John Wesley. Ya nemi a naɗa shi fasto cikin Ikkilisiyar Angilika, aka yi ta juya shi shekara da shekaru domin bai yi jami'a ba. A 1764 aka naɗa shi, aka tura shi wani ƙaramin gari na matalauta mai suna Olney, inda ya yi kusan shekara 16 yana wa'azi, yana ziyarar marasa lafiya, yana koyar da yara. Shi da abokinsa William Cowper suka rubuta waƙoƙi fiye da 300, aka buga su a 1779. Shahararriyar waƙarsa ya shirya ta ne domin sujadar sabuwar shekara ta 1773, bisa addu'ar Sarki Dawuda da ke 1 Tarihi sura 17.

Bayan ya koma wata majami'a a tsakiyar Landan, wani matashi ɗan majalisar dokoki, William Wilberforce, ya zo wurinsa a 1785. Bai daɗe da tuba ba, yana tunanin barin siyasa. Newton ya shawarce shi ya zauna a majalisa ya bauta wa Allah a can. Wilberforce ne ya jagoranci yaƙi da cinikin bayi. A 1788, shekara 40 bayan hadirin nan, Newton ya buga ɗan littafi ya tona abin da ya gani da abin da ya aikata, ya furta kunyarsa a fili, aka raba wa 'yan majalisa. Ya kuma ba da shaida a gaban hukuma. A watan Maris na 1807 aka kafa dokar da ta haramta wa jiragen Ingila fataucin bayi. Newton ya rasu ran 21 ga Disamba na wannan shekara, yana da shekara 82, idanunsa sun riga sun dushe.

Newton bai koma Afirka ya yi aikin bishara ba, amma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mishan ta CMS a 1799. Masu bisharar da ta fara aikawa a 1804, yankin Saliyo suka nufa, wato gaɓar da ya yi ciniki a dā. A can ne wani yaro Bayarabe mai suna Ajayi, wanda aka kuɓutar daga jirgin bayi a 1822, ya yi makaranta, aka yi masa baftisma. Shi ne Samuel Ajayi Crowther, wanda ya zama bishop a 1864, ya kai bishara bakin kogin Kwara har Lakwaja. Wannan ƙungiya ce kuma ta aiko Dokta Walter Miller Zariya, wanda ya yi babban aiki wajen fassara Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932.

'Yan'uwa, akwai iyaye cikinmu da suka gaji da yi wa ɗan da ya bijire addu'a. Mahaifiyar Newton ba ta ga amfanin abin da ta shuka ba, amma Ubangiji bai bar irin ya mutu ba. Akwai kuma wanda ke ganin zunubinsa ya fi ƙarfin gafara. Bari ya karanta shaidar Manzo Bulus a 1 Timoti 1:12-16, ya sani domin masu zunubi ne Kristi ya zo.

Akwai kuma gargaɗi. Mutum yana iya yin waƙa da addu'a ran Lahadi, ran Litinin ya tauye mudu, ya riƙe haƙƙin ɗan ƙwadago, ko ya wulaƙanta yarinyar da ke yi masa aikin gida, domin kowa haka yake yi. Newton ya ɗauki shekara 40 kafin ya fito fili ya kira zunubinsa da sunansa, kuma waɗanda ya sayar ba su dawo gida ba. Ba mu da tabbacin za a ba mu tsawon rai irin nasa. Zakka, a Luka sura 19, a ranar da Yesu ya shiga gidansa ya yi alkawarin mayar wa mutane haƙƙinsu.

Ubangiji ya buɗe idanunmu mu ga zunubin da muka saba da shi, ya ba mu ƙarfin zuciya mu furta shi, mu rabu da shi, cikin sunan Yesu Kristi. Amin.