Likita Charles Huggins, Mutumin da Ya Koyi Magani Daga Karnuka

An haifi Charles Huggins a garin Halifax na ƙasar Kanada cikin shekarar 1901. Mahaifinsa mai haɗa magunguna ne. Ya gama karatun likita a Jami'ar Harvard ta Amurka a 1924, sa'an nan a 1927 ya kama aiki a Jami'ar Shikago, inda aka ɗora masa kula da masu ciwon mafitsara.

To, a ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ɗan ƙululu, girmansa kamar ƙwayar goro, likitoci na kiransa furostet. Aikinsa yin wani ruwa da ke haɗuwa da maniyyi. Abin mamaki, sinadarin sitret, wanda sauran sassan jiki ke ƙonawa su sami ƙarfi, shi wannan ƙululu tara shi yake yi, ya zuba cikin ruwan. Idan mutum ya manyanta, ƙululun kan kumbura, wani lokaci har ciwon daji ya kama shi.

Huggins ya fara bincikensa da karnuka, domin tsohon kare ma yakan yi irin wannan kumburi. Sai ya ga cewa in aka yi wa kare fiɗiya, ƙululun yakan motse, ruwan ya ƙafe. In aka yi masa allurar sinadarin maza, watau tastostiron, sai ya farfaɗo. Ashe ƙululun ba ya iya aiki sai da umarnin maraina.

Daga nan ya yi tunani, kila shi ma ciwon dajin da wannan sinadari yake rayuwa. A 1941, shi da ɗalibinsa Clarence Hodges suka gwada a kan majiyyatan da ciwon ya riga ya kai musu ƙashi. Wasu aka cire musu 'ya'yan maraina, wasu aka ba su sinadarin mata. Da yawa zogi ya lafa, suka tashi daga kwance. Maganin bai kashe ciwon duka ba, don yakan dawo, amma ya ƙara wa mutane kwanaki cikin sauƙi.

An ba shi kyautar Nobel a 1966. Ya mutu a Shikago a 1997, yana da shekara 95. Har yanzu hanyarsa ake bi, sai dai yawanci da allura.

Saboda haka, iyayenmu maza, duk wanda fitsari ya soma yi masa gardama, kada kunya ta hana shi zuwa asibiti da wuri.