Sardauna Ahmadu Bello, Gwanin Fayis na Kwalejin Katsina

Jama'a, in aka ambaci marigayi Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, abin da ke fara zo mana a rai shi ne mulki da siyasa. Amma tun kafin duniya ta san shi da rawani, filin wasa ne ya fara fito da sunansa.

An haife shi a Rabah ta ƙasar Sakkwato, ɗan Sarkin Rabah Ibrahim ne, daga zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu. Da ya gama makarantar lardi a Sakkwato sai ya wuce Kwalejin Katsina a 1926. Wannan kwaleji ita ce aka mayar Kaduna a 1938, daga nan Zariya a 1949, wadda muka sani yau da Kwalejin Barewa. A Katsina ya yi zamani da Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin lardin Bauci, lardin da Gwamben nan tamu ke cikinsa a wancan lokaci.

A can ne Ahmadu ya shahara da wasan kurket da kuma fayis, har aka ba shi kyaftin ɗin fayis na makaranta. Ga wanda bai san fayis ba, ƙwallo ce ƙarama da ake doka wa bango da tafin hannu, a fili mai bango uku, mutum biyu suna karawa da biyu. Asalinsa daga makarantar Eton ta Ingila ne, wani malamin makaranta Bature, Hogben, ya kawo shi Arewa a shekarun 1920. Wasa ne mai son zafin nama da kaifin ido. Sannan bisa al'adarsa babu alƙali, 'yan wasa ne ke yi wa kansu hukunci. In ƙwallo ta kuɓuce maka, kai za ka faɗa da bakinka. Ka ga kuwa ba ƙaramar tarbiyya ba ce ga yaro.

Wasan bai hana shi karatu ba. Ya gama a 1931, ya koma Sakkwato yana koyarwa a Midil. A 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah, a 1938 aka ba shi sarautar Sardauna, a 1954 kuma ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Duk da nauyin da ke kansa bai yar da fayis ba. A Kaduna ma yakan shiga fili da yamma ya buga da abokan aikinsa. Goyon bayansa na cikin abin da ya sa wasan ya yi ƙarfi a garuruwa irin su Sakkwato da Birnin Kebbi da Katsina da Kaduna, har aka sa wa gasar kofin fayis sunansa. Babban filin wasanni na Kaduna shi ma sunansa yake ɗauke da shi. Sojoji masu juyin mulki suka kashe shi a gidansa na Kaduna ran 15 ga Janairu, 1966. Allah ya jiƙansa da rahama.

To 'yan'uwa mazauna Hammadu Kafi, da yawanmu neman abinci ne ya kawo mu nan, shi ya sa in muka ga yaro ya ɗauki ƙwallo bayan la'asar sai mu ce shiririta ce. Lallai akwai shiririta, in wasa ya cinye lokacin karatu da salla. Amma Sardauna ya haɗa littafi da fili, ɗaya bai ɓata ɗaya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar wasannin makaranta mu daure mu je mu ga 'ya'yanmu, in mun dawo gida kuma mu ce su kawo littafi mu duba.