Muhammad Hatta: Mataimakin Shugaban Ƙasan da Ya Ajiye Kujera da Kansa

'Yan uwa mata, a wannan fitowar mun leƙa Indunusiya ne don mu kawo muku tarihin Muhammad Hatta, mutumin da ya fara riƙe muƙamin mataimakin shugaban ƙasar.

An haife shi ranar 12 ga Agusta, 1902 a garin Bukittinggi da ke tsibirin Sumatra. Yana jariri mahaifinsa ya rasu, ya tashi a hannun mahaifiyarsa da danginta. Ya karanta ilimin tattalin arziki a Rotterdam ta ƙasar Holan, wato ƙasar da ke mulkin mallakarsu. Da ya dawo gida ya shiga gwagwarmayar neman 'yanci, Turawan suka kama shi suka kai shi gudun hijirar dole daga 1935 har 1942.

Ranar 17 ga Agusta, 1945 shi da Sukarno suka sa hannu a takardar shelar 'yancin kai, washegari aka naɗa shi mataimaki. Dama ya yi alkawarin ba zai yi aure ba sai ƙasarsa ta samu 'yanci, don haka sai a watan Nuwamba na shekarar ya auri Rahmi. Sadakinta kuwa? Littafi ne da ya rubuta da hannunsa.

A 1950, lokacin yana riƙe da muƙamin Firayim Minista, gwamnati ta rage darajar manyan takardun kuɗi zuwa rabi. Ashe Rahmi ta daɗe tana tara kuɗin sayen keken ɗinki. Maigidan ya san da maganar tun kafin a sanar, amma bai ko tsegunta mata ba, don sirrin ƙasa amana ne. Haka ajiyarta ta zube kamar ta kowa. A 1952 ma da kuɗin aljihunsa ya sauke farali.

Sannu a hankali tafiyarsu da Sukarno ta ƙi daɗi, musamman kan yadda shugaban ke son tattara iko a hannunsa. Hatta bai tada rigima ba, sai ya ajiye muƙamin ranar 1 ga Disamba, 1956. Kujerar ta zauna ba kowa har 1973.

Ya rasu ranar 14 ga Maris, 1980, aka binne shi a maƙabartar talakawa ta Tanah Kusir a Jakarta kamar yadda ya yi wasiyya. Ya bar 'ya'ya mata uku, babbar cikinsu Meutia ta zama ministar harkokin mata daga 2004 zuwa 2009. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.