Pete Maravich: Gwanin Da Bai Taɓa Ɗaukar Kofi Ba

Shekaru fiye da 35 bayan rasuwarsa, masana ƙwallon kwando a Amurka ba su daina jayayya a kan Pete Maravich ba: shin gwani ne na gaske, ko zuzuta shi kawai ake yi?

An haife shi ranar 22 ga Yuni, 1947, a jihar Pennsylvania. Mahaifinsa, Press Maravich, kociya ne, kuma shi ya horar da shi tun yana ƙarami har zuwa jami'ar jihar Louisiana. A can ya tara maki 3,667 cikin wasanni 83, wato kimanin maki 44 a kowane wasa, a lokacin da babu jifa mai maki uku. Har yau babu namijin da ya kamo shi a babban rukunin gasar jami'o'in ƙasar.

A 1970 ƙungiyar Atlanta Hawks ta ɗauke shi zuwa gasar NBA, sannan ya koma New Orleans Jazz a 1974. A kakar 1976 zuwa 1977 ya fi kowa cin maki, har ya zura wa New York Knicks maki 68 a wasa guda.

Masu sukarsa na cewa aikin mai rarraba ƙwallo shi ne ya ɗaga abokan wasansa, shi kuwa ya fi son jifa da burge 'yan kallo. Hujjarsu ita ce Jazz ba ta taɓa kaiwa zagayen neman kofi ba a zamaninsa. Magoya bayansa kuma na tunatar da cewa sabuwar ƙungiya ce da ta sadaukar da damar zaɓen matasan 'yan wasa domin ta same shi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ciwon gwiwa ya rage masa ƙarfi, ya yi ritaya a 1980 bayan ɗan zama a Boston Celtics. Shekara guda bayan tafiyarsa ƙungiyar ta ɗauki kofi.

Ranar 5 ga Janairu, 1988, ya yanke jiki ya faɗi yana wasan motsa jini a Pasadena, yana da shekara 40. Binciken likitoci ya nuna an haife shi babu ɗaya daga cikin manyan jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini. A 1996 NBA ta sanya shi cikin gwanayenta 50 na tarihi.