Georges Pompidou, malamin makarantar da ya gaji Janar De Gaulle

Jam'iyyar da aka gina a kan mutum guda, galibi ranar da ya kau ita ma take bin bayansa. Jam'iyyar magoya bayan Janar De Gaulle a Faransa ta tsallake wannan ramin, kuma wanda ya fi kowa hannu a ciki shi ne Georges Pompidou, mutumin da har ya shekara hamsin bai taɓa tsayawa takarar komai ba.

An haife shi ranar 5 ga Yuli 1911 a Montboudif, wani ɗan ƙauye a yankin Cantal. Uwa da uba duk malaman makaranta ne, kakanni kuwa manoma. Ya tashi a garin Albi, daga nan ya wuce makarantar Louis-le-Grand a Paris, inda ya ƙulla abota da Léopold Sédar Senghor na Senegal. A 1934 shi ya zo na ɗaya a jarrabawar malaman adabi ta ƙasa, ya kama alli a Marseille, sannan Paris. An ɗauke shi soja a farkon yaƙin duniya na biyu, amma da Jamus ta mamaye Faransa sai ya koma aji, bai shiga 'yan gwagwarmaya ba. Tsofaffin mayaƙan De Gaulle sun daɗe suna yi masa gori a kan haka.

A 1944 ya shiga ofishin De Gaulle a matsayin ƙaramin ma'aikaci. Janar ya lura mutumin ya iya rubutu, ga riƙe sirri, sai ya ja shi a jiki. Da De Gaulle ya kafa jam'iyyar RPF a 1947, Pompidou ne ya riƙe masa ofis daga 1948, kuma a gaban idonsa jam'iyyar ta cika ta batse, sannan ta watse wajen 1953, 'yan majalisarta kowa ya kama gabansa. A ganina a nan ya ɗauki darasin da ya yi masa amfani daga baya. Ya tafi bankin Rothschild har ya zama babban darakta. Da Janar ya dawo mulki a 1958 ya sake kiransa, kuma a 1961 shi aka tura Suwizalan a asirce ya gana da wakilan FLN masu yaƙin 'yancin Aljeriya.

A Afrilun 1962 De Gaulle ya naɗa shi firaminista. 'Yan majalisa suka ga an raina su, an kawo musu ma'aikacin banki wanda ko ƙuri'a ɗaya bai taɓa nema ba. A Oktoba suka kayar da gwamnatinsa. Janar ya rusa majalisar, jam'iyyarsa ta UNR ta yi nasara a zaɓe, Pompidou ya ci gaba da zama har shekara shida.

To, De Gaulle fa ba ya son jin kalmar jam'iyya, yana ganin kansa sama da wannan. Pompidou ne ya zauna ya yi aikin da Janar ke ƙyama, wato zaɓo 'yan takara, sasanta dattawa, da tura matasa su ƙwato mazaɓun da 'yan hamayya suka riƙe. Cikin matasan akwai Jacques Chirac, wanda ya ci kujera a Corrèze a 1967. A taron Lille na ƙarshen wannan shekara aka sake wa jam'iyyar tsari, sababbin jini suka fara karɓar ragama.

Sai ga Mayun 1968. Ɗalibai suka cika titunan Paris, miliyoyin ma'aikata suka shiga yajin aiki. Pompidou ya dawo daga ziyara a Afganistan, ya sa aka buɗe jami'ar Sorbonne, ya zauna da ƙungiyoyin ƙwadago har aka amince da ƙarin kashi 35 cikin ɗari a mafi ƙarancin albashi. Ranar 29 ga Mayu De Gaulle ya tafi Baden-Baden a Jamus bai ko gaya masa ba. Shi ya matsa a rusa majalisa, kuma a zaɓen Yuni jam'iyyar, da sabon sunanta UDR, ta sami kujeru fiye da 290 cikin 487. Ladan da ya samu? Ranar 10 ga Yuli aka maye gurbinsa da Couve de Murville. Ko ina ne dai, maigida ba ya son yaronsa ya fi shi haske.

Bai daɗe a gefe ba. De Gaulle ya faɗi ƙuri'ar raba gardama a Afrilun 1969 ya yi murabus, Pompidou ya ci zaɓe a Yuni da kashi 58. Wata biyu bayan nan ya karya darajar kuɗin Faransa, sefa kuma ta bi, tunda a ɗaure take da shi. Ya buɗe wa Birtaniya ƙofar kasuwar Turai da Janar ya rufe sau biyu. A Afirka kam bai sauya hanya ba, don Jacques Foccart ya ci gaba da riƙe harkokin tsofaffin ƙasashen mallaka. Ya ziyarci Kamaru a 1971, Nijar da Cadi a 1972, kuma shi ya karɓi taron farko na shugabannin Faransa da Afirka a Paris a Nuwamban 1973, bisa shawarar Diori Hamani.

A lokacin wata cutar jini ta riga ta ci ƙarfinsa, fuska ta kumbura, fadarsa kuma tana ta cewa mura ce. Ya rasu yana kan mulki ranar 2 ga Afrilu 1974. Kwana goma sha uku bayan nan sojoji suka kifar da Diori a Yamai.

A zaɓen da ya biyo baya UDR ta tsayar da Chaban-Delmas, amma Chirac da wasu 'yan jam'iyyar suka mara wa Giscard d'Estaing baya, kujerar shugaban ƙasa ta suɓuce. Jam'iyyar dai ba ta mutu ba. Chirac ya karɓe ta a Disamban 1974, ya mayar da ita RPR a 1976, kuma da ita ya shiga fadar Élysée a 1995, kafin a narkar da ita cikin UMP a 2002.