Conrad Hilton: Ɗan Mai Kanti da Ya Zama Sarkin Otal

Duk wanda ya taɓa zuwa Abuja, da wuya a ce bai ji sunan otal ɗin Hilton ba, wanda aka buɗe a shekara ta 1987. Amma kaɗan ne suka san cewa Hilton sunan mutum ne, kuma akwai lokacin da mutumin nan ya rasa ko kuɗin biyan ma'aikatansa.

An haifi Conrad Hilton ran 25 ga Disamba, 1887, a wani ɗan ƙaramin gari mai suna San Antonio a yankin New Mexico, ƙasar Amurka. Mahaifinsa baƙo ne daga ƙasar Norway, yana da kanti inda ake sayar da kayan masarufi. Mahaifiyarsa kuwa 'yar Katolika ce mai riƙon addini, ita ce ta koya masa yin addu'a tun yana yaro. A shekara ta 1907 aka yi rikicin kuɗi a Amurka, ciniki ya tsaya. Sai iyalin suka mai da waɗansu ɗakunan gidansu masaukin matafiya. Aikin Conrad shi ne zuwa tasha ya tari jirgin ƙasa, ko da tsakar dare ne, ya ɗauko kayan baƙi ya kawo su gida. A nan ya fara koyon abin da matafiyi yake bukata.

Bayan ya yi aikin soja a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai ya nufi jihar Teksas a 1919 da niyyar sayen banki a garin Cisco. Cinikin bai yiwu ba, domin mai bankin ya ƙara kuɗi. Da ya je neman wurin kwana a wani otal mai suna Mobley, sai ya tarar babu wuri. An sami man fetur a yankin, mutane sun cika gari, har ana ba da hayar ɗaki ɗaya sau uku a yini, kowa sa'a takwas. Hilton ya haɗa kuɗinsa da na abokai da rancen banki, ya sayi otal ɗin mai ɗaki 40. Ya rushe ɗakin cin abinci ya mai da shi ɗakunan kwana, ya rage teburin karɓar baƙi ya kafa ɗan shago a wurin. Tun daga nan ya ɗauki al'adar da bai taɓa bari ba, wato kada a bar ko taƙi ɗaya na gini yana zaman banza. A 1925 ya gina otal na farko mai ɗauke da sunansa a birnin Dallas.

Ana cikin haka sai tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929. Mutane suka daina tafiye-tafiye, ɗakuna suka zama wayam, bashi kuwa yana nan. Hilton ya rasa da yawa daga cikin otal-otal ɗinsa. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fitar a 1957 ya ba da labarin yadda wani yaron otal mai ɗaukar kayan baƙi ya ranta masa dala 300 daga ajiyarsa. Waɗansu attajirai na garin Galveston da suke binsa bashi suka karɓe gine-ginen, amma da suka duba, sai suka ga ba su da wanda ya san aikin kamarsa. Saboda haka suka ɗauke shi manaja, yana gudanar da abin da dā nasa ne. Wannan abu ya yi masa ciwo, amma ya nuna masa cewa mallakar gini daban, iya gudanar da shi daban, kuma ana biyan kuɗi domin na biyun.

Sannu a hankali ya farfaɗo, ya fanshi waɗansu otal-otal ɗin, ya shiga sayen waɗansu da araha. A 1945 ya sayi Stevens na birnin Chicago, wanda a lokacin babu otal mai girmansa a duniya, ɗakunansa sun kai wajen 3,000. A 1946 ya kafa kamfanin Hilton Hotels Corporation. A 1949 ya karɓi ragamar Waldorf-Astoria na New York, otal ɗin da ya yanke hotonsa daga mujalla ya ajiye tun yana cikin bashi. A 1954 kuma ya sayi kamfanin otal na Statler a kan dala miliyan 111.

Darasin nan na lokacin wahala shi ne ya fitar da kamfanin zuwa ƙasashen waje. A tsibirin Puerto Rico gwamnati ce ta gina otal ɗin Caribe da kuɗinta, aka buɗe shi a 1949. Hilton ya kawo suna da ƙwararrun ma'aikata da tsarin aiki, aka shirya gwamnati ta riƙa ɗaukar kashi biyu cikin uku na riba, kamfani ya ɗauki kashi ɗaya. Da irin wannan shiri aka buɗe otal a Madrid a 1953, da Istanbul a 1955, da Alƙahira a 1959. Mai gini yana samun baƙi domin sun amince da sunan, kamfani kuma yana yaɗuwa ba tare da ya zuba kuɗi a tubali da siminti ba. Amma fa shirin ya dogara ga amana, gama idan baƙo ya tarar da ƙazanta a gari ɗaya, sunan ya ɓaci a ko'ina.

Rayuwarsa ta gida ba ta tafi daidai kamar kasuwancinsa ba. Aurensa na farko ya mutu a 1934, lokacin da yake fama da bashi, na biyun ma bai daɗe ba. A 1966 ya miƙa shugabancin kamfanin ga ɗansa Barron. Ya rasu ran 3 ga Janairu, 1979, yana da shekara 91. Ya bar mafi yawan dukiyarsa ga gidauniyar da ya kafa a 1944, wadda ta taimaki ayyukan sistocin Katolika, ta kuma ba da kuɗin samar da ruwan sha mai tsabta a ƙauyukan Ghana da Mali da Nijar.

Ɗalibai, musamman ku da kuke shirin fita, ku lura da wannan. Masu bin bashi sun iya karɓe wa Hilton gine-ginensa, amma ba su iya karɓe abin da ya koya tun yana ɗaukar akwatin baƙi a tasha ba. Yawancinku za ku bar makaranta ba ku da jari. Ku koyi aiki ɗaya ku iya shi sosai, ku kuma riƙe amanar abin da aka danƙa muku, ko da na wani ne.