Nana Asma'u Ɗiyar Shehu, Uwar Ƴan Taru (1793–1864)

Wanda ya tashi daga Madawa ya nufi Ƙonni, in ya iso Galmi to ya kusa Maratta, ƙauyen da aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekarar 1754. Malaminsa kuma, Malam Jibrila ɗan Umaru, a ƙasar nan ya cika kwanansa, kabarinsa yana Arewa kusa da Madawa. Saboda haka mutanen Madawa da Buza da Keita suna da rabo a tarihin wannan gida. Shi ya sa a cikin littafin nan na cikar sarauta shekara ɗari muka keɓe waɗannan shafuka domin ɗaya daga cikin ƴaƴan gidan, wadda ba a taɓa naɗa mata rawani ba, amma ta bar wa gidajen sarauta da na talakawa hanyar da ake bi a koya wa yaro kyauta da hidimar jama'a tun hannunsa bai iya riƙe ƙwarya da kyau ba.

Gidan da ta tashi

An haifi Nana Asma'u, Allah ya ƙara mata yarda, a Degel a shekarar 1793, a lokacin garin yana ƙarƙashin Sarkin Gobir na Alkalawa. Tagwaye aka haife su ita da ɗan'uwanta Hasan, amma mahaifinta bai bi al'adar sunan tagwaye a kanta ba, ya sa mata sunan Asma'u ɗiyar Sayyidina Abubakar. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, sai reno ya koma hannun sauran matan gidan, A'ishatu da ake kira Iya Garka da Hauwa'u da ake kira Inna Garka, mahaifiyar Muhammadu Bello.

Gidan malamai ne, maza da mata. Shehu ya yi suka mai zafi a cikin littafinsa Nurul Albabi ga malaman da ke tara almajirai a zaure suna karantar da su, alhali matansu da ƴaƴansu mata suna cikin gida ba su san ko hukuncin tsarki ba. Bai yarda wannan aibi ya kama gidansa ba. Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanta fiƙihu da tauhidi da tasawwufi, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa da harshen Abzinawa.

Akwai kuma wani karatu da ba a allo ta yi shi ba. Ta tashi tana ganin mahaifinta, wanda sunansa ya kai Zamfara da Kabi, yana tufkar igiya da hannunsa domin ya ci halalinsa, tufafinsa kuwa ba su wuce a ƙidaya su da yatsun hannu ɗaya ba. A gidan ana ba da labarin abin da ya faru a Magami wajen shekarar 1788, kafin a haife ta, ranar da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a lokacin babbar salla ya yi musu kyauta, ya ware wa Shehu zinariya miskali 500. Shehu bai karɓa ba. A madadinta ya roƙi abubuwa biyar: a bar shi ya yi wa'azi a ƙasar, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Mai karatu ya lura, a wannan rana mutum biyu ne suka yi abin yabo, malamin da ya mayar da rabonsa ya zama na jama'a, da sarkin da ya ji roƙon bai ɗauke shi raini ba. Yaron da ya girma yana jin wannan labari a bakin iyayensa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan ma'anar dukiya.

Shekarun yaƙi

Tana da shekara kamar 11 dangantaka ta lalace tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, littattafan Shehu a bisa raƙuman wani malamin Abzinawa mai suna Agali. Aka gwabza a Tabkin Kwatto a tsakiyar shekarar, a ƙarshenta kuma aka yi wa jama'ar mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda mutum kamar 2,000 suka kwanta dama. Daga nan sai yunwa da cuta da yawon neman mafaka zuwa Zamfara, sannan Gwandu. Yarinyar ta ga zawarawa da marayu, ta ga yadda ake raba ɗan abin da ya rage a tukunya. A cikin wannan hali aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Alkalawa ta faɗi a 1808. Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, ita kuwa ta shiga aikin tattara littattafansa da tsara su.

Ba za mu ɓoye abin da kowa ya sani ba: kakannin masu karanta littafin nan, Gobirawa da Adarawa da Abzinawa, wasu suna wannan sahu wasu suna wancan, kuma yaƙin bai ƙare da faɗuwar Alkalawa ba. A Gawakuke a 1836 Sarkin Musulmi Bello ya ci nasara a kan taron Gobir da Katsinan Maraɗi da Abzinawa, Sarkin Gobir Ali ya rasu a fagen, kuma Asma'u ta yi waƙar murna da wannan nasara, domin ita ɗiyar gidanta ce. Gobirawan da suka tsira suka kafa Tsibiri. Waɗanda ba su tsira ba, galibinsu mata da yara, aka kai su garuruwan ribaɗi da ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno, ba dangi, ba karatu, ba mai tambayar halinsu. Abin da ya sa muke tuna Asma'u shi ne abin da ta yi da waɗannan mata bayan ƙura ta lafa.

Malfa da jan ƙyalle

Tun cikin shekarun 1830 ta fara mayar da karatu cikin Hausa, domin ta ga Larabci da Fulatanci ba za su isa kunnen matan ƙauye ba. A 1831 ta fassara waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa, wadda ke jan kunnen mai mulki da wanda ake mulka. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani cikin waƙa domin sauƙin riƙewa, ta yi wasu a kan salla da tsoron Allah da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi. Abin da ya iso gare mu na rubutunta ya haura 60.

Sai dai waƙa ba ta da ƙafa, sai an kai ta. Matan aure masu goyo ba su iya barin gida su yi tafiyar kwanaki. Don haka ta nemi tsofaffin mata masu hankali da amana, waɗanda suka gama haihuwa, ta naɗa kowace ta zama shugabar matan garinsu. Sunan da ta ba su shi ne jaji, sunan mai jan gaban ayarin fatake. Alamar naɗin kuwa malfa ce da aka zagaya mata jan ƙyalle. Nan ya kamata Bagobiri ya tsaya ya yi tunani, domin malfa alama ce da aka san Innar Gobir da ita, uwar matan ƙasa, wadda bori ke hannunta. Asma'u ba ta ƙyamaci abin da matan suka saba girmamawa ba. Ta ɗauke shi ta ɗora a kan malama, matan kuwa da suka ga malfar suka gane matsayin mai ita ba sai an faɗa musu ba. A ganinmu, a cikin duk dabarunta babu wadda ta kai wannan zurfi.

Waɗannan ƙungiyoyi su ake kira Ƴan Taru. In damina ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, sai jaji ta tara ayarinta su kama hanyar Sakkwato ko Wurno a ƙasa. Ayarin kashi biyu ne, tsofaffi da ƴan mata ƙanana waɗanda ba su kai aure ba, wato kaka da jika. Ba hannu sake suke zuwa ba. Matan da suka rage a gida kowace tana ba da abin da ta iya, wannan hatsi, wannan zuma, wannan man shanu, wannan zaren da ta kaɗa, waccan ƙyallen saƙi. Asma'u takan karɓe su, ta saurari matsalolinsu, ta warware musu hukunci, ta koya musu waƙoƙi har su riƙe. Sadakar da suka kawo kuma ba a ɗakinta take kwana ba, ana rarraba ta ga miskinai da marasa lafiya da baƙi.

A nan ne hikimar take ga mai neman tarbiyyar ɗansa. Yarinyar da ke cikin ayarin ta ga lokacin da uwarta ta buɗe rumbu ta auna. Ita ta ɗauki ƙullin a kanta, ta ji nauyinsa a wuya kwana da kwanaki, ta sha rana da ƙishirwa. Da idonta ta ga ɗiyar Shehu, matar Waziri, ta karɓi abin ta miƙa wa wanda ya fi ta buƙata. In ta koma gida ita ce za ta rera wa uwarta abin da ta haddace, uwar tana daka tana maimaitawa. Bayan shekara biyu ko uku aka kai ta ɗakin miji, ta tafi da karatun da halin duka. In Allah ya ja kwananta har ta tsufa, sai ta sake kama hanyar, wannan karon tana riƙe da hannun jikarta. Babu wanda ya zaunar da ita ya yi mata wa'azin falalar kyauta. An aike ta ne, ta je ta dawo.

A garuruwansu kuma Ƴan Taru su ne masu sharar masallaci, masu duba maras lafiya, masu zama da mai naƙuda, masu wankan gawar mace, masu sasanta kishiyoyi da maƙwabta.

Waɗanda ta yaba

Marubuta waƙa na zamaninta sarakuna da manyan malamai suke yi wa makoki. Ita ma ta yi wa Bello da ya rasu a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo. Amma ta yi wa wasu da ba don ita ba da tarihi bai san da su ba. Akwai Halima maƙwabciyarta, wadda aka sani da kiyaye zumunci. Akwai Zaharatu, mai karɓar haihuwa da suturta mamata, wadda ba a kiranta ta ƙi zuwa. Akwai Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta, wadda ta yi shekaru tana kai da kawo da ayari. Ƴar'uwarta Faɗima ma, da ta tashi yabonta, ciyar da baƙo da ɗan gida ta sa a gaba. Waɗannan waƙoƙi ana rera su a tsakar gida yara suna ji, don haka tun suna ƙanana suka san irin aikin da ke sa a ambaci mutum bayan ransa.

Dattawan ƙasar nan za su ga cewa abin bai yi nisa da abin da suka tashi a ciki ba. Akushin ciyayya yaro ake ba ya kai maƙwabta da magariba. Ranar layya yara ke yawo da kason nama gida gida. Zakkar kono a gaban idonsu ake aunawa, haka damin zakka, ɗaya cikin goma, a gabansu ake ware shi a bakin gona. Ranar gayya kuwa ƙaramin da bai iya riƙe hauya ba shi ke kai ruwa. Da yunwar 1984 ta wuce aka shiga aikin farfaɗo da ƙasa a Keita, mata ne suka fi yawa a wurin ɗaukar dutse, maza sun tafi cin rani, kuma ƴaƴansu na ganinsu. Abin da muke tsoro a yau ya fi shafar manyan gidaje. Mai hali yakan aika da zakkarsa ta waya, ko ya ba direba buhu ya kai, ɗansa yana makaranta a Yamai ko Maraɗi bai san ƙofar gidan da aka kai ba, balle sunan tsohuwar da ke ciki. Sadakar ta isa, lada yana wurin Allah, amma yaron da wata rana za a iya naɗa wa rawani bai ɗauki komai a kansa ba.

Rasuwarta da abin da ya biyo baya

Nana Asma'u ta rasu a Sakkwato a 1864 tana da shekara 71, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a wazirci, kuma sarautar ta daɗe a zuriyarta, har zuwa kan Waziri Junaidu, masanin tarihi, wanda ya rasu a 1997. Jagorancin Ƴan Taru ya koma hannun ƙanwarta Maryamu a Wurno, daga ita sai Tamodi.

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, yarjejeniyoyinsu da Faransa na 1904 da 1906 suka ja iyakar da ta bar Maratta da Madawa a wannan gefe, Degel da Hubbare a wancan. Iyakar ba ta raba dangi ba, domin Adarawa suna da yawa a ƙasar Sakkwato, har akwai sarautar Sarkin Adar a Dundaye. A shekarun 1970 da 1980, da wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd ta bi ƙauyukan Sakkwato tana binciken tarihin Asma'u, ta tarar da tsofaffin mata masu riƙe da sunan jaji, suna rera waƙoƙinta da ka, suna kai ziyara da sadaka kamar yadda kakanninsu suka yi. Ita da abokiyar aikinta Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucen Nana suka buga su a littafi guda a 1997, cikin Larabci da Fulatanci da Hausa, tare da fassarar Turanci.